Taswirar da Ta Girme Ni

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ja dattawa biyu zuwa bakin ruwa da taswira a hannu ba. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata lise, wato makarantar sakandare, a Garwa (ku riƙe wannan, domin shi ne ya ƙara wa abin muni), kuma a lokacin wata shida ke nan da aurena, ina ta neman hanyar da zan burge dangin matata.

Kawun matata, Kawu Hamadu, tsohon mafarauci ne. Gwiwoyinsa sun fara gazawa, ya ce yana so ya fita farautar zabi sau ɗaya kafin ya rataye bindiga. Amininsa Alhaji Sani ya ba da mota ya ce da shi za a je, aka nemo permi, wato takardar izinin farauta, ni kuwa ba wanda ya tambaye ni na ce hanya a bar mini. Na je wajen wani mai sayar da tsofaffin littattafai a kasuwa na sayo taswira babba, mai kauri, mai layukan tudu da kwari. Kyanta kawai na duba.

Mun fita bayan asuba, muka yi kudu. Da muka bar kwalta, Kawu ya nuna wata hanya ta hannun dama ya ce nan zabi suke sauka. Na shimfiɗa taswira a cinya na ce a'a, mu yi hagu, akwai kwari mai faɗi, a tsakiyarsa ga ƙauye har da rijiya, can za mu ajiye mota mu sha ruwa.

"Malam, babu ƙauye a can," in ji Kawu.

"Kawu, da jirgin sama aka zana wannan. Ba ta ƙarya."

Ya dube ni, ya dubi takardar, ya ce, "To, Allah ya sa." Kunyar suruki ce ta hana shi ja da ni. Ni kuwa a wautata na ɗauka hujjata ce ta yi masa ƙarfi.

Hanyar ta yi ta ƙanƙancewa har ta ɓace cikin ciyawa. Muka bar mota muka taka. Wajen awa biyu muna tafiya cikin rana, Kawu yana dogara bindiga kamar sanda, yana tsayawa yana dafa gwiwa. Ruwan jarkarmu ya kusa ƙarewa, don na ce kada a wahala da ɗauko da yawa tunda akwai rijiya a gaba. Ko gashin zabo ba mu gani ba.

Muka hau wani ɗan tudu, sai ga ruwa shimfiɗe iya ganin ido. Wani reshe ne na tafkin Lagdo, wanda nake koya wa yara labarin madatsarsa kowace shekara har da zane a allo. Maimakon in yi shiru, sai na ɗaga taswirar na ce, "Ba zai yiwu ba. A nan daidai ya kamata a ga Wuro Sambo."

Alhaji Sani ya sunkuyar da kai. Kawu ya zauna a kan dutse a hankali, ya cire hula.

"Yana nan, Malam," ya ce. "Taswirarka ba ta yi ƙarya ba. Ka ga inda kan busasshen itacen can ya leƙo? Tsamiyar ƙofar gidanmu ce. Ina saurayi aka tashe mu da za a tare ruwan. Kabarin mahaifiyata yana ƙasa can, ba mu iya ɗauko ta ba."

Ban san inda zan sa fuskata ba. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa. Sai ya karɓi taswirar, ya ce in nuna masa sunan, don shi bai yi boko ba. Na aza yatsa a wurin, ya daɗe yana kallo. A nan ne idona ya faɗa kan ƙananan rubutun da ke gindin takardar: shekarar da aka buga ta, tun ba a haife ni ba.

Da ƙyar muka dawo da shi mota, yana rataye a kafaɗunmu. Bai sake fita farauta ba. Bai kuma taɓa gaya wa matata abin da ya faru ba, ni na faɗa mata da bakina. Taswirar ya roƙa na bar masa.

Yanzu in aka miƙo mini taswira, gindinta nake fara dubawa in ga shekarunta. In kuwa akwai dattijo a cikin motar, sai in naɗe ta in tambaye shi ina muka nufa.