Manyan Baki a Makarantar su Auta

Ranar Litinin ɗin nan ko aljihu ban ɗinka ba. Na buɗe shago ke nan, na ɗiga wa keken ɗinki mai, na ɗora wandon wani bawan Allah da ya gaji da yi mini zarya, sai ga Auta, ƙaramar 'yata, ta dawo daga makaranta tun hantsi bai dubi ƙofa ba, ido ya yi jawur. Wai hedimasta ya ce ta zo da ubanta. Na tambaye ta ko faɗa ta yi, ta girgiza kai. Da ƙyar na tsinci maganar cikin shessheƙa: sifiri ta ci a jarrabawar rubutu, kuma an ce za ta maimaita aji.

Ni ba mai zuzuta 'ya'yansa ba ne. Yayanta in ya rubuta sunansa sai ya biyo takardar ya karanta maka da bakinsa. Amma Auta? Ita ke rubuta mini sunayen masu kaya da alli a jikin yadi, har sai na ji tausayin sa almakashi. Na rufe shago na sa ta gaba, raina a ɓace.

Hedimasta mutumin kirki ne, sai dai ritaya ta matso, ya zama ko tari zai yi sai ya waiga. Ya tura ƙofa, ya sassauta murya, ya warware mini zancen. Ashe bara, lokacin da mu iyaye muke ta surutun rufin ajin su Auta da ke yoyo, Masu Girma ba barci suke yi ba. Sun kafa kwamitin ƙwararru, suka zaga ƙasashen duniya don su kwatanta yadda ake koya wa yara rubutu a can da yadda ake yi a nan. Allah ya saka musu. Ba ƙaramar sadaukarwa ba ce mutum ya bar gadonsa ya je ya kwana a otal, ya haƙura da girkin gida, ya dawo wuya ya ninku saboda tsabar tunanin 'ya'yan talakawa.

Sun gano cewa yaran can sun fi namu saurin iya rubutu. Ni a jahilcina na zaci za a ce saboda kowane yaro yana da kujera, aji ba ya cika kamar motar haya, malami kuma ya karya kumallo kafin ya ɗauki alli. Ashe duk ba nan matsalar take ba. Ƙwararru sun sa gilashi sun duba, suka ga haruffan mutanen can ba su da ƙugiya. Mu ne muka ɗora wa kanmu ƙ da ɗ da ɓ. Kafin ɗanmu ya gama lanƙwasa kan harafi ɗaya, nasu ya ƙera jirgi. Saboda haka aka saukar da umarni: daga yanzu a yi rubutu ba ƙugiya, duk wadda yaro ya sa a zaftare masa maki. Ita kuwa Auta ko ɗaya ba ta mantawa, shi ya sa makinta ya ƙare tun ba a kai rabin shafi ba.

Na tambaya ko an ji ta bakin malaman da ke shan ƙurar alli kafin a yanke wannan hukunci. Hedimasta ya dubi ƙofa, ya dubi silin, ya ce mu bar wannan. Amma akwai mafita. Ranar Alhamis Mai Girma Uban Tafiya, jagoran kwamitin, zai zo da kansa ya ƙaddamar da sabon tsarin, ana neman ɗalibar da za ta karanta jawabin maraba wanda ofishinsa zai bugo, kuma duk makarantar ba mai muryar Auta. In ta karanta ba kuskure, shi hedimasta zai san yadda zai yi ta wuce. Ya nuna ta da biro ya ce, "Abin da aka rubuta shi za ki karanta. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Da yamma na kai ƙorafina wajen maƙwabcina mai faci, wanda duk abin da aka faɗa a rediyo yake cewa ci gaba ne. Ya ce na cika mita, mene ne abin tayar da jijiyar wuya a kan ɗan lanƙwasar da ko ƙwayar shinkafa bai kai ba. Na ce gaskiyarsa, ni ma daga yau zan riƙa ɗinka masa wando ba tazuge, tunda ɗan siririn abu ne kuma yana cin lokaci. Sai na ga ya kai hannu ƙugu.

Kwanakin nan Auta ba ta ci abincin kirki ba. Ƙawayenta duk za su wuce, ita a bar ta da ƙannen bayanta, abin ya tsaya mata a rai, ni ma ya tsaya mini. Na ji ta tana tambayar uwarta yadda ake karanta harafin da aka cire wa ƙugiya, uwar ta ce ta bi maganar hedimasta kawai ta rabu da mutane lafiya.

Ranar Alhamis na tarar an shafe ajin nan mai yoyo da fenti, ta waje. An kafa rumfa, an jera kujeru masu laushi a gaba. Muka bushe a rana kafin jiniya ta iso. Mai Girma ya zauna, maiɗakinsa a gefensa, 'yan kwamiti a jere da nasu iyalan, aka raba wa kowa kwafin jawabin, aka miƙa wa Auta nata a karon farko. Ta tsaya cak, ta buɗe murya tar.

"Muna maraba da manyan baki."

Wata 'yar ƙus-ƙus ta tashi a bayan rumfa. Mai faci, da ke tsaye kusa da ni, ya raɗa mini cewa yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Auta ta ci gaba da cewa musamman Mai Girma Uban Tafiya, wanda kowa ya shaida cikakken dan kasa ne. Kun dai san kasa, macijiyar nan da ba ta da aiki sai barci. Aka yi rashin sa'a a daidai lokacin idon Mai Girma a rufe yake, kai ya fara rinjaya. Wani a baya ya kasa riƙe dariyarsa. Maiɗakin ta zungure shi, ya farka, ya ɗora yatsa a kan takardarsa yana bin layi kamar mai nazari.

Ni kam na ce shi ke nan, sai ta yi furfura a ajin nan. Ta saci kallon hedimasta, shi kuma gumi ya jiƙa masa wuyan riga, ba damar ya ce ta yi kuskure. Sai ta ɗora.

"Sun bar iyalansu, sun sha wahalar tafiya, kuma muna alfahari da cewa kowannensu ya dawo gida da..."

"Dakata, 'yata."

Yatsan Mai Girma ya riga bakinta isa wajen. Ban taɓa ganin mai jiki irin nasa ya tashi da wannan zafin nama ba. Ya zaro biro, ya duƙa a kan takardar yarinyar, ya lanƙwasa kan harafi ɗaya da hannunsa mai albarka, ya ce ta karanta yanzu.

"Ƙaruwa," in ji Auta.

Ba zan rubuta muku yadda ofishinsa ya bugo kalmar ba, kowa ya cire ƙugiyar da kansa. 'Yan kwamiti suka ɓarke da tafi kamar waɗanda aka tsamo daga rijiya. Matansu ba su tafa ba. Maiɗakin Mai Girma ta dubi takardar hannunta, ta dube shi, ta ninke ta a hankali ta sa a jaka.

Da ya tashi jawabi sai ya ce an yi wa rahotonsu mummunar fahimta, su ba su taɓa faɗa da ƙugiya ba, gadon iyaye ce. Har ya yi alkawarin kafa sabon kwamiti da zai zaga duniya ya nazarci ƙasashen da haruffansu ke da ita. Ban ga alamar za a bar shi ya je shi kaɗai ba. Kafin a kwashe kujeru hedimasta ya maido wa Auta makinta kaf, ta wuce aji, a hanya sai tsalle take tana rera waƙa. Rufin dai yana nan yana jiran damina.

Ni ma ba zan ɓoye ba, na dawo daga taron nan da ƙaruwa. Malam edita, don girman Allah ka duba kalmar nan sau biyu kafin a buga, uwar Auta tana karanta shafin nan.