Bulo da Goro daga Saman Soro

Shekarar da na fara koyar da kimiyya a Potiskum, na shaida wa majalisarmu ta unguwar Dogo Tebo cewa masanan zamanin da sun yi kuskure: mai nauyi da marar nauyi tare ƙasa ke jawo su.

Kawu Bukar ya ce, "Ɗana, boko ya yi maka yawa."

Na haye soronsa da bulo da goro ɗaya. Ana ta ihun "Tsaya!", na ɗauka tsoron gaskiya ne, na sake su. Wallahi tare suka sauka, a kan gilashin motar Kawu.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Goron ne ya fasa, ko?"

Har yau in na doso, sai a ce, "Ga Malam Tare, a janye motoci!"