Ranar da Girdhari Ya Yi Wa Kansa Jana'iza

Duk garin Haridwar na Indiya babu wanda ya iya so kamar Girdhari Tiwari, Tekun Ƙauna. Ba ƙage ba ne, shi da bakinsa ya faɗa mana. Kullum da hantsi yana kan matakalar kogin Ganga yana wayar da kan jahilai irinmu.

"Ku so mutum yadda ake bauta," in ji shi, "ba neman lada, ba riƙewa. Shekara talatin ina son matata, ban taɓa tambayarta ko ta gaji ba. Wannan shi ne sakin zuciya."

Mu maƙwabta shaida ne. Matarsa Sumitra ce ke niƙa, ita ke tuya, ita ke matsa masa ƙafa, shi kuma yana sonta daga kan katifa.

Da wa'azi ya yi masa kaɗan, sai ya yi shelar zai bar duniya ya yafa mayafin masu yawon bauta. A wurinmu mai yin haka da ransa yake yi wa kansa jana'iza, daga nan ba gida, ba mata, sai bara. Gogan naka ko a jikinsa. Ya riga ya raɗa wa mai askinsa yadda za ta kaya: Sumitra za ta zube ta rungume ƙafarsa, jama'a su roƙe shi, shi kuma ya fasa don tausayi.

Ranar jana'izar a bakin kogi aka aske kai, ya waiga. Aka miƙa masa dunƙulen shinkafar da ake jefa wa matattu a ruwa, ya sake waigawa. Sumitra na tsaye, hannu haɗe, ido a bushe.

"Kada ki riƙe ni, uwar Munni!" ya daka mata tsawa, yana kiranta da sunan 'yarsu.

"Ban riƙe ka ba."

"Ko da zuciyarki za ta tsage!"

"Ai kai ka koya mini. Sauka lafiya."

Wayyo! Haka ya jefa dunƙulen a ruwa, ya mutu a gaban mutum ɗari biyu.

Rana na tsaka yunwa ta koro marigayin ƙofar gida, ƙamshin man shanu na dukan hancinsa. Sumitra ta fito, ta taɓa ƙafarsa cikin ladabi, ta ɗora masa gurasa biyu a tafin hannu.

"Ni ne fa! Matsa in shiga."

"Mai gidan nan ya rasu da safe, Maharaj," ta ce, yadda ake kiran masu yawon bauta. "Ku gwada gidan gaba, yau wake suka dafa."

Ta koma ciki ta sa sakata.