Mangwaron Inna Tabawa

A wani ƙauye gabas da Gashuwa an yi wani mutum wai shi Nomau. Ba a taɓa kama shi da ƙin bin umarni ba, kuma damuwar gidansu ke nan. Daga shi sai tsohuwarsa, Inna Tabawa, sai bishiyar mangwaro a tsakar gida. Ƙanwarsa Lantana tana aure can Mubi. Wata shekara sai ciwo ya kwantar da Inna. Ta hana a gaya wa Lantana, amma ta ƙwallafa rai sai 'yarta ta sha mangwaron bana. Ga hanya da nisa, ga zafi.

Wata rana malamin gona ya zo gari da dabara: a jiƙa ƙaro ya narke, a tsoma mangwaro a ciki, a shanya a inuwa, sai ya daɗe bai ruɓe ba, ƙaron kuma ko an sha ba ya cutarwa. Inna ta ce, "Nomau, duk mangwaron gidan nan ka tsoma shi." Nomau ya hau bishiya da ƙwarya, yana bin su a reshe yana tsomawa. Cinnakun unguwar sun yaba da aikin ƙwarai.

Wata rana aka tsinko wasu, aka tsoma yadda ya kamata. Inna ta ce, "Kada ka bari rana ta gan su." Nomau ya zuba su a tukunya da danshinsu, ya rufe, ya yaɓe bakin da laka. Da aka buɗe, rana kam ba ta gan su ba. Mutanen da suka gan su ma ba su so ba.

Wata rana Inna ta lallaɓa da kanta, tana yi tana hutawa, ta haɗa kwando guda daga abin da ya rage.

"Ka kai wa Lantana. Kada ko ɗaya ya bugu, ka ji ko?"

"Na ji, Inna."

A tasha ya tambayi direba, "Hanyar taku akwai gargada?"

"Malam, ai gargadar ita ce hanyar."

Nomau ya koma gida, ya tarar Inna na barci. Ya tura kwandon ƙarƙashin gadonta, ya shiga mota hannu rabbana.

A Mubi Lantana ta duba bayansa. "Yaya, ba ko tsaraba?"

"Tana ƙarƙashin gadon Inna. Ta ce kada ta bugu. Sai dai ke in kai ki."

"Ikon Allah! Innar tana lafiya dai?"

"Wannan an hana ni faɗa."

Lantana ta dube shi, ta jawo mayafinta.

Da suka iso gida, suka iske mangwaron yana sheƙi. Lantana ta zauna bakin gado ta sha ɗaya, Inna na kallonta tana yi wa Nomau faɗa da 'yar muryar da ta rage mata. Ba a daɗe ba ta cika, kanta a cinyar 'yarta.

Sauran mangwaron masu ta'aziyya aka raba wa. Ko ɗaya bai bugu ba.