Gyaran Da Ya Fi Turbo

Jama'a, yau da hannuna na tura motar da aka ce tana gudun kilomita ɗari biyu da hamsin a awa. Har yanzu ƙuguna bai yafe mini ba.

Motar mijin ƙanwata ce, ja, mai ƙofa biyu, ƙirar Japan, da turbo mai ƙara wa inji ƙarfi a cikinta. Shekara shida yana mafarkinta. Da safe ya ce, "Yaya, raka ni gidan mai, mu yi shawara a hanya." Ba mu kai kwana ba ta yi tari ta mutu. Shi a sitiyari, ni a baya, har wutsiyar layi.

A layin muka tarar da bakanikensa zaune kan babur. Nan surukin nawa ya zaro takarda ya shiga karanto mana buri. Turbo babba. Abin sanyaya iskar inji. Salansa mai faɗi. Sabon birki. A taɓa kwamfutar inji ta ƙara ƙarfi. Sannan a sauke motar ƙasa ta kusa shafar kwalta.

Bakanike ya ce, "Wace kwaltar, maigida?"

"Ta titinmu mana."

"Titin da aka buɗe sau uku? Ka sauke ta, ramin farko zai karɓi salansar, na biyu ya karɓi sauran. Ni da ɗaga ta zan yi."

A nan dole in jinjina wa manyanmu, iyayen alƙawari, Allah ya ƙara musu kumatu. Ramukan nan ba sakaci ba ne, tausayi ne. Tun da suka bar mana su, wa kuka ji an kama da laifin gudu a unguwarmu?

Na tambayi bakanike ko babbar turbo na ƙara shan mai. Ya ce kamar ta dawo daga gudun fanfalaki. Suruki ya leƙa layi, mota tamanin a gabanmu. Ga ƙanwata ta riga ta rantse in ya sake kwana biyu a gareji, ya kai katifarsa can.

Muna cikin haka sai ga jiniya. Baƙaƙen motoci bakwai na wani Ranka-ya-daɗe, a cikinsu har da wadda ba ta ɗauko komai ba sai lema. Ƙofar gidan mai da aka ce mana ta lalace ta buɗe da kanta. Minti goma suka cika tanki suka wuce.

Bakanike ya bi su da kallo ya ce, "Shekara ashirin ina kwance inji, ban ga gyaran da ya kai wannan ba."

Suruki ya karɓi birona, ya soke duk abin da ke takardar, ya rubuta kalma ɗaya: jiniya. Ya ce, "Yaya, a ina ake sayar da ita?"

Na ce masa ba a kanti take ba. Mu ne muka saya musu, da babban yatsa, kuma ranar ma layi muka bi.