Goran Kuluwa

A wani daji da ke bayan duwatsu, kowace shekara ana tseren dogon zango daga bakin rafi zuwa tsohuwar kuka. Wanda ya riga kowa taɓa kukar, shi da iyalinsa ke kiwo a fadama duk rani. Maza ke gudu. Mata kuwa, bisa al'ada, sai ƙurar maza ta lafa sannan su biyo baya da goran ruwa, don farfaɗo da waɗanda suka faɗi.

Kuluwa barewa ce mai ɗa guda, wanda yunwa ta mayar ƙashi da fata. Ba ta da mafarkin da ya wuce fadamar nan.

Bana ma ta rataya goranta ta bi sahu. Maza sun tashi a guje tun a gaban 'yan kallo, kowa na son a ce shi ne. Kafin rana ta yi tsaka sun fara zubewa. Ta shayar da Zomo a gindin tsamiya, ta yayyafa wa Dila, ta yi gaba. Gwanki, zakaran bara, shi kaɗai ba ta gani ba. Tausayi ya sa ta ƙara sauri tana nemansa, har ta tsinci kanta jingine da kuka tana haki. Ashe gogan yana kwance cikin sabara, ya ɓuya kada mace ta ga harshensa a waje.

Murna ta kama ta. Ta ce wa majalisar alƙalan tsere da ke zaune a gindin kukar, "Ranku ya daɗe, ga ni ga kuka. Gani ya kori ji. A ba ɗana fadama."

Bika, shugaban majalisa, ya sosa ƙeya. "'Yar nan, ba mu ƙi ta taki ba. Amma tun kaka da kakanni an san namiji ya fi mace gudu. Hujja kuwa, ba a taɓa samun macen da ta ci tseren nan ba."

"Ranka ya daɗe, an taɓa barin mace ta shiga?"

"Yo ina amfanin shigar wadda ba ta taɓa ci ba? Ke aikenki aka yi. Ɗan aike kuwa ko ya riga baƙo isowa, ba shi aka yi wa shimfiɗa ba."

Da la'asar Gwanki ya iso yana ɗingishi, ya taɓa kuka, makaɗa suka ɓarke da kirari. Kuluwa ta koma wajen ɗanta da gora babu ko ɗigo, abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Majalisa dai ba ta manta alheri. Don yaba ƙwazonta, aka yanke cewa baɗi gora biyu za ta ɗauka.