Ranar da Na Mai da Ragon Baba Ƙwayar Halitta

Ba zan taɓa mantawa da ranar rabon kyaututtuka ta makarantarmu a Goronyo ba, ko da na so, don har yau in na ji kukan rago sai in fara neman hanyar gudu.

Ina ajin ƙarshe a sakandare, aka zaɓe ni in yi jawabin kimiyya gaban iyaye. Baba kuwa ya riga ya faɗa mini: in ya ga alamar karatun ya shiga kai, zai bar ni in wuce jami'a a Sakkwato. In bai gani ba, rumbun albasarsa na bakin dam yana neman mai tsaro.

Sai na ruga wurin Gwaggo Hadiza, ƙanwar Baba, mai bincike kan magunguna a jami'a. Ta ce akwai magungunan da ake so su shiga can cikin ƙwayar halitta su kashe bakin ƙwayar gadon da ke jawo cuta, amma su kaɗai ba sa iya shiga, tun a hanya suke lalacewa. Shi ya sa ake naɗe su cikin folima, wani sinadari dangin roba da ake haɗawa a ɗakin gwaji, ƙwayar halittar ta haɗiye ƙunshin gaba ɗaya.

"Kamar yadda Babanki ka cusa ma tumaki magani cikin dunƙulen dusa," in ji ta.

Nan shaiɗan ya raɗa mini dabara. Maimakon zane a allo kamar kowace ɗaliba mai hankali, na roƙi aron ragon Baba (wanda, a gaskiya, ko a gida ba ma gaisawa).

Ranar, fili ya cika. Na ɗaga ƙwarya cike da dunƙulen dusa, na ce, "Jama'a, wanga rago shi ne ƙwayar halitta. Dusa ita ce folima. Ƙwallon dabinon da na ɓoye ciki shi ne magani."

Aka tafa. Kaina ya kumbura.

Rago ya karɓi dunƙule, ya tauna a tsanake, ya tofo ƙwallon dabino a kan takalmin shugabar makaranta. Sannan ya dubi ƙwarya, ya ja da baya, ya sunkuyar da kai. Igiyar da na ɗaure shi da ita a ƙafar benci (ɗaurin ɗankwali na yi mata) ta kwance.

Ban san lokacin da na zura da gudu ba. Na zagaya teburin manyan baƙi, ƙwayar halitta tana bina. Na ji shugaba tana cewa, "Ke Nafisa, aje ƙwaryag ga, ita ya ka so." Ina ji, amma hannuna ya ƙi. Na ƙanƙame ta a ƙirji ina kiran Inna, har na faɗa cikin magudanar ruwan lambun makaranta. Nan rago ya iske ni zaune cikin laka, ya cinye sauran folimar a cinyata.

A hanyar gida muna tafe mu uku, ni da Baba da Gwaggo Hadiza. Can Baba ya ce, "Hadiza, mi na gani yau? Wanga shi na kimiyya?"

"Shi na, Yaya. Mu ma haka ta ka yi muna. Ta haɗiye ƙunshi ta toho maganin, shekara da shekaru muna hwama."

"Ta taɓa biyak ki da gudu?"

"Tamu ba ta da ƙaho."

Baba ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya waiwayo ya dube ni, laka har kunne, ga ƙwarya har yanzu a hannuna.

"Ɗiyad da rago ya kora ba ta saki ƙwarya ba, ba ta sakin karatu. Ki tahi. Amma ragona ya gama makaranta."

Darasin da na koya: in za ki ba da misali, ki zaɓi wanda ake gogewa da tsumma.